Siakam: Na Biyu Ne Na Gaske Ko Ɗan Rakiya?

Jama'a, tun da aka gama gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ranar 22 ga Yuni 2025, samarin da ke zama ƙofar shagona ba su bar ni na huta ba. Oklahoma ta doke Indiana 103 da 91 a wasa na bakwai. Tun zangon farko agarar Tyrese Haliburton, jagoran Indiana, ta tsinke, sai ido ya koma kan Pascal Siakam, ɗan Kamaru. Maki 16 kawai ya ci. Shi ke nan, wai ashe ɗan rakiya ne, ba tauraro na biyu ba.

Ni dai ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A 2016 ƙungiyar Toronto, ƙarƙashin Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya, ta ɗauki Siakam a matsayi na 27. Shekara uku bayan nan suka kai zagayen ƙarshe da Golden State. Kowa ya san Kawhi Leonard ne gaba. To amma a wasan farko, da aka yi wa Kawhi taron dangi, Siakam ya jefa 17, 14 suka shiga, ya tashi da maki 32. A wasa na shida, daren da suka ɗaga kofi, ya ƙara 26. A 2025 ma, kafin a zo ga Oklahoma, shi ya zuba wa New York 39 a gidanta, kuma shi aka ba kyautar gwarzon zagayen, ba Haliburton ba. Ƙungiya biyu, shekara shida tsakani, aikin bai canza ba. Wannan ba sa'a ba ce.

Masu suka fa suna da abin faɗa, kada mu ci haƙƙinsu. Da Kawhi ya tafi aka ɗora wa Siakam jagoranci, a 2020 ya gamu da Boston abin ya gagare shi, aka fitar da su. Daren Oklahoma ma haka. Amma me hakan ya nuna? Ya nuna ba na farko ba ne. Wa ya ce shi ne? Kuskuren samarinmu ke nan: suna auna gero da mudun da ba nasa ba.

Duk ɗan kasuwa ya san babban yaron shago. Idan ciniki ya yi wa maigida yawa, shi ke riƙe rabin masu saye, lissafi bai ɓace ba, kuma ba ya fushi don sunan wani ke kan allo. Ba a tambayar ko zai iya gadon shagon gobe. Ana tambayar ko ana dogara da shi yau. Da wannan mudun, Siakam ya cika har ya yi tozo.

Abin da ya dame ni ba Siakam ba ne, shi bai ma san da mu a Lafiya ba. Yaranmu ne, da suka ɗauka wanda ba na ɗaya ba banza ne. Shi ya sa yaro zai yi wata shida a shago ya ce zai buɗe nasa, jari ya narke kafin damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu gane.