4.2 Tasirin Ƙungiyar Tinariwen a Kan Makaɗan Jita na Abzinawa

A wannan kashi za a dubi iyakar tasirin da ƙungiyar Tinariwen ta yi a kan makaɗan da suka biyo bayanta. Dalilin yin haka kuwa shi ne, ya zama ruwan dare a ɗauki duk Ba'abzinen da ya rataya jita a matsayin mai kwaikwayon Tinariwen, wanda hakan kan tauye wa wasu makaɗa haƙƙinsu.

4.2.1 Abin da Aka Gada

Ibrahim Ag Alhabib da abokansa sun fara kiɗa tare a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya a wajejen 1979, sa'annan suka ci gaba a sansanonin soja na Libiya a shekarun 1980. Waƙoƙinsu sun bazu ne ta kaset, daga hannu zuwa hannu. Idan aka yi nazarin salonsu za a tarar da abubuwa uku. Na farko, sun ɗora karin tende a kan jita mai lantarki. Tende kuwa turmi ne da ake rufe bakinsa da fata, ana kaɗawa mata na tafi. Saboda haka jitarsu ba ta yawan sauya amo, takan kafe a kan gindi guda tana kewaya shi. Na biyu, sun riƙe tsarin jagora da 'yan amshi. Na uku shi ne jigon da ake kira assuf da harshen Tamashek, wato kewa da begen gida, wanda suka haɗa da kira ga haɗin kan al'ummarsu.

A Mali da Aljeriya tasirin nan a fili yake. Tsofaffin 'yan Tinariwen ne suka kafa Terakaft. Ita kuwa Tamikrest, wadda aka kafa a yankin Kidal a 2006, da Imarhan ta Tamanrasset, duk sun ɗauki wannan tafiya mai natsuwa da wannan jigo, ko da yake sun ƙara nasu ado.

4.2.2 Inda Aka Rabu

A Nijar al'amarin ya sha bamban. Wanda ya fi kafa kiɗan jita a can shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, kuma shi Mdou Moctar yake ambata a matsayin wanda ya sa masa sha'awar jita. Bugu da ƙari, a Agadas kiɗan ya zama na biki. Mai kiɗan biki kuwa dole ya tayar da 'yan rawa, don haka aka ƙara sauri, aka shigo da gangunan bature a inda Tinariwen ta fi dogara da tafi da ƙwarya.

Bombino ya koyi wasu dabarun yatsa ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, kuma ana jin haka a faifansa Nomad na 2013. Shi kuwa Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. A Afrique Victime na 2021 ya saki jita tana ruri na tsawon lokaci ba tare da waƙa ba, abin da ya yi nisa da ɗabi'ar Tinariwen, inda jita ke yi wa baiti hidima.

4.2.3 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa tasirin Tinariwen ya fi ƙarfi ta fuskar jigo da harshe, ya yi rauni ta fuskar sauri da amo. Haka nan lambar Grammy da ta samu a 2012 da faifan Tassili ta buɗe wa 'yan baya ƙofar Turai da Amurka, amma buɗe kasuwa daban, tsara salo daban. Ke nan ya dace a kira Tinariwen wadda ta share fage, ba a ce ita kaɗai ta gina abin da ke cikinsa ba.