Sautin baƙaƙen ramuka biyu: ban taɓa jin irinsa ba!

Jama'a, duk wanda bai saurari faifan da masanan cibiyar binciken kimiyya ta LIGO suka saki ranar 11 ga Fabrairun 2016 ba, wallahi an bar shi a baya. Tsawon sautin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Yakan fara da gurnani can ƙasa-ƙasa, sai ya haura sama da sauri kamar an matse kalangu a hammata, sai tsit. Ni dai ban gaji da maimaita shi a salula ba.

Me ake ji a ciki? Baƙaƙen ramuka biyu ne, wato gawarwakin manyan taurari waɗanda ko haske ba ya kuɓuce musu. Ɗaya ya ninka rana sau 36 a nauyi, ɗayan sau 29. Suka yi ta kewaya juna har suka haɗe suka zama guda mai nauyin rana 62. Ina ukun da suka ɓace? Sun zama igiyoyin da suka girgiza sararin samaniya kansa, suka yi tafiyar shekara kusan miliyar 1.3 kafin su iso duniyarmu ranar Litinin, 14 ga Satumban 2015, da hantsi. Sun ratsa ƙasa baki ɗaya, har da gonakin geron Tasawa da Mayahi, ba wanda ya ji ko ɗis. Allahu Akbar!

Na'urorin LIGO biyu a Amurka ne suka kama su, ta Livingston da ta Hanford. Kowace tana da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4, hasken leza na kai da komo a ciki yana auna motsin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ba, nesa ba kusa ba. Wannan motsin aka mayar sauti. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin mutanen nan. Einstein ya yi hasashen igiyoyin tun 1916, aka shekara kusan ɗari ana jira. Da aka ba Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne kyautar Nobel a 2017 kan wannan aiki, na ce sun ci guminsu.

Malaman kimiyya na makarantunmu, daga Tasawa har Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, don Allah ku sauke faifan nan daga intanet ku kunna wa ɗalibai a aji. Kyauta ne, ku neme shi da sunan GW150914.