Jojiya Ba Kaskon Giya Ba Ce

Jojiya ƙaramar ƙasa ce a gindin duwatsun Kaukasus, tsakanin Rasha da Turkiyya. Mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Masu shirya yawon buɗe ido sun tsaya kan abu ɗaya suna tallarta da shi, wato ruwan inabi. To, ba ƙarya suka yi ba. A shekarar 2017 masana sun bayyana cewa sun ga alamar ruwan inabi a ɓaraguzan tukwane kudu da Tibilisi, masu shekara wajen 8,000. Har yau a lardin Kakheti ana matse inabi a zuba shi, da ɓawo da 'ya'ya, cikin wata babbar randa da ake kira kwebri, a binne ta a ƙasa har wuya, a rufe baki watanni. A 2013 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya.

Amma a dubi yadda ake yi da baƙo. A ɗebe shi a mota da safe, a kai shi gona, a ba shi Saperabi ja ya kurɓa, a ƙara masa fari, a sayar masa da kwalba. Majami'a kuwa sai a bi ta kanta a gurguje, a ɗauki hoto, a wuce. Nan ne laifin yake.

Gama a Jojiya ba a raba kuringar inabi da gicciye. A ƙarni na 4 wata mace, Nino, ta kawo bishara ƙasar. Bisa ga labarin ikkilisiyarsu, da rassan inabi ta yi gicciyenta, ta ɗaure da gashin kanta. Shi ya sa hannuwansa suka ɗan sunkuya ƙasa. Yana ajiye a majami'ar Sioni a Tibilisi, kabarinta kuwa yana Bodbe, cikin Kakheti ɗin nan da ake kai baƙi sha. A Alaberdi, wadda aka gina babbar majami'arta a ƙarni na 11, sufaye ne da kansu suke binne randunan, su kuma yi sujada. Wanda aka nuna wa rumbun sufaye aka ɓoye masa addu'arsu, an cuce shi rabin kuɗin tafiyarsa.

Ko a wurin biki ma ba a sha barkatai. Akwai shugaban tebur, tamada, shi ke tashi ya yi jawabi kafin a ɗaga ƙoƙo: don salama, don iyaye, don waɗanda suka riga mu. In an mai da wannan wasa don baƙon da bai san harshen ba, sai ya ga sha kaɗai.

Akwai 'yan'uwa a cikinmu da ba sa taɓa giya, kuma suna da dalili, don sun ga gidajen da burkutu ya rusa. Irin wannan talla ce take sa su ɗauka Jojiya ƙasar mashaya ce, alhali ta karɓi bangaskiya ƙarnuka da dama kafin Rasha, ta kuma riƙe ta cikin shekara 70 na mulkin Sobiyat, sa'ad da aka rufe majami'u da yawa.