Zoɓon Da Muke Kunyar Ba Baƙo

'Yan uwana mata, wata gardama ce ta tashi a gidan suna nan Unguwar Gai, ita ta sa na ɗauki biro. An zagayo da zoɓo mai sanyi, sai wata baƙuwa da ta yi zaman aure a Kumasi ta kurɓa ta ce, "Allah sarki sobolo! Ai wannan abin shan Gana ne." Kafin ta rufe baki wata Hajiya ta ce ina, karkade ne, daga Sudan alhazan ƙasa suka zo da shi. Nan fa tsakar gida ya kaure. Gwaggona har da dukan ƙirji, wai tun kaka da kakanni yakuwa ke tsaye a gefen gonakin Rano da Kibiya tana raba iyaka.

Kowa da 'yar gaskiyarta. Mutanen Sanagal na kiran sa bisap, kuma sun ɗauke shi tamkar abin shan ƙasa. A Masar da Sudan karkade ne. A tsibirin Jamaika lokacin Kirsimeti suka fi shan sa, kuma ta hanyar cinikin bayi irin ya tsallaka teku. Su kuwa 'yan Meziko sunan Jamaika ɗin suka laƙaba masa. Hatta masana tsirrai sun rabu, wasu sun ce Indiya ce asalinsa, da yawa sun ce Afirka. Abin da ba mai ja shi ne sunan da duk Nijeriya ke kiran sa, daga Legas har Fatakwal, daga bakin Bahaushe ya fito, wato zoɓorodo.

To amma ni ba wannan ce damuwata ba. Duk masu dukan ƙirjin nan, wace ce za ta tari surukinta da zoɓo? Ranar da manyan baƙi za su zo, yaro ake aika ya sayo lemon kwalba ko da bashi ne. Zoɓo na yara ne, na leda, na ƙofar makaranta. Sai wani ya ce nasa ne sannan kishinmu ke motsawa.

Mu marubuta laifinmu ya fi yawa, kuma ban cire kaina ba. Ku ɗauko littattafan soyayyarmu ku duba. Da zarar saurayi ya yi fakin, budurwa za ta buɗe firji ta jero lemuka a tire da tambulan na tangaran. In kin ga zoɓo a labari, to marainiya ce kishiyar uwa ta ɗora wa talla, tana tafe tana hawaye. Ni kaina na rubuta haka, alhali wallahi da kuɗin zoɓon da nake ƙullawa a ɗaki na cika kuɗin buga littafin. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau goma, ta yaya ba za ta ɗauka sana'ar uwarta abin ɓoyewa ba ce?

Shi lemon da muke tinƙaho da shi, kun san mafarinsa? A Jamus aka ƙirƙiro Fanta a 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka kasa shigo da sinadarin Coca-Cola. Da ragowar tuffa da tsararon madara aka haɗa ta, abin da ya samu kawai. Mai ɗanɗanon lemun zaƙi da muka sani sai 1955 ta fito a Italiya. Abin wahala ne shi ma, kwalba da talla suka ba shi daraja.

Har begen da muke yi na "zoɓon da" akwai gyara a ciki. Kakata takan ce a ƙuruciyarsu yakuwa ta miya ce da fate, 'ya'yanta a yi daddawar batso. Wannan na sukari da ƙanƙara da filebo, ita dai da girmanta ta gan shi. Ashe wanda muke kira na gargajiya ma hikimar matan gida ce ta baya-bayan nan, su suka zuba citta da kanumfari da ɓawon abarba har ya zama abin sayarwa. Ba a taɓa yi musu ko na gode ba.

Ga shi yanzu buhu-buhu ake tara busasshensa daga Jigawa da Kano, a loda daga kasuwar Dawanau sai tashar jirgin ruwa, mafi yawa zuwa Meziko. Can a gidajen cin abinci ake zuba shi a manyan tulunan gilashi, kowa na gani.

Littafin da nake rubutawa yanzu, jarumar 'yar Kibiya ce. Ranar da Alhajin ya fara zuwa zance, zoɓo ta kai masa a kofin silba. Ƙawata da ta karanta ta ce, "Haba ke kuwa, ai sai masu karatu su ce gidan matsiyata ne, ki mayar da shi lemo." Ban mayar ba. Na dai ƙara masa ƙanƙara.