Jinjina ga Masu Jinyar Bayan Tiyata a Danja

Aikin tiyata ba ya kammaluwa sai an yi jinyar da ke biye da shi, kuma wannan ya bayyana ƙarara a cibiyar yoyon fitsari ta Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa kudu da Maraɗi, wadda aka buɗe a shekarar 2012. Yoyon fitsari rami ne da doguwar naƙuda ke hudawa tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, har fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Bayan likita ya ɗinke ramin, ma'aikatan jinya ne ke kula da robar fitsari kusan mako biyu, suna duba kada ta toshe, suna lallashin majinyaciya ta yawaita shan ruwa, sannan su fahimtar da ita da mijinta cewa wajibi ne a jinkirta saduwa na wasu watanni, haihuwar gaba kuma a yi ta a asibiti. Matan Maraɗi da Tsibiri da ƙauyukansu da suka koma gida da mutuncinsu shaida ne kan haƙurin waɗannan bayin Allah, don haka sun cancanci yabo da tallafin al'umma.