Wasannin Yawo da Labari: Inda Suka Yi Zarra da Inda Suka Gaza

A duniyar wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da ba a harbi a cikinsa, ba a zura ƙwallo, ba a kuma tara maki. Aikin ɗan wasa shi ne ya shiga wani wuri, ya zaga, ya buɗe ƙofa, ya ɗauki takarda ya karanta, har labarin abin da ya faru a wurin ya haɗu masa. Salon ya yi fice ne da Dear Esther, wanda Dan Pinchbeck ya ƙirƙira a Jami'ar Portsmouth ta Ingila a 2008, aka sake gina shi aka kai kasuwa a 2012. Mutum na tafe a wani tsibiri da ba kowa, wata murya tana karanto wasiƙu zuwa ga wata mata mai suna Esther. Nan take masu suka suka ce wannan kwaikwayon tafiya ne kawai, ba wasa ba. Sun yi gaskiya ta wani gefe, sun kuma yi gaggawa ta wani.

Babban ƙarfin salon shi ne wuri ke ba da labari. A Gone Home, wanda kamfanin Fullbright na Amurka ya fitar a 2013, wata budurwa mai suna Katie ta dawo daga Turai cikin wani dare na 1995, ta tarar da gidansu wayam. Ba wanda zai yi mata bayani. Sai kaset-kaset, da takardun ƙanwarta Sam, da wasiƙun da ke nuna sana'ar rubutun mahaifinsu ta durƙushe. Ɗan wasa ne ke ɗinke waɗannan guntaye da kansa, kuma abin da mutum ya tono da hannunsa ya fi zama masa a zuciya bisa wanda aka faɗa masa. Gani ya kori ji.

Ƙarfi na biyu shi ne salon ya buɗe ƙofa ga batutuwan da wasan harbi ba ya iya ɗauka. Firewatch na 2016 labarin Henry ne, wanda matarsa ta kamu da ciwon mantuwa tun da sauran ƙuruciyarta, ya gudu ya kama aikin gadin gobara a dajin Shoshone na jihar Wyoming a 1989. Abokiyar hirarsa ɗaya ce, Delilah, ita ma ta rediyon oba-oba. Ɗan wasa ke zaɓen amsar da Henry zai bayar, ko ya yi shiru. Ta haka nauyin gudun da ya yi ke sauka a wuyan mai riƙe da madannai.

To amma a nan raunin ya fara. A da yawa daga cikin wasannin hannu ba shi da aiki sai tura mutum gaba har ya isa inda wata murya za ta tashi. Everybody's Gone to the Rapture na 2015 ya gina ƙauyen Ingila mai ban sha'awa, ya sa kiɗa mai ratsa jiki, amma ƙorafin da ya fi yawa a kansa shi ne jan ƙafa, domin ko hanyar ƙara sauri ba a bayyana wa 'yan wasa ba da farko. Idan tafiya ba ta ƙara wa labari komai ba, fim zai isar da shi cikin sauƙi.

Akwai kuma matsalar kufai. Zana mutane masu motsi da magana aiki ne mai tsada, waɗannan kamfanoni kuwa ƙanana ne. Shi ya sa gidajen da ƙauyukan duk ba kowa, Delilah ma ba a taɓa haɗuwa da ita ido da ido. Sai a cike giɓin da takardu da faifan murya barbaje a kowane lungu, har mai hankali ya fara tambaya: wane ne ke rubuta sirrinsa ya yar a tsakar ɗaki?

Batun kuɗi ma ya jawo ce-ce-ku-ce. An sa wa Gone Home kusan dala 20, alhali ana gama shi cikin awa biyu zuwa uku, kuma wanda ya san ƙarshensa da wuya ya koma. Da kasuwar Steam ta fito da ƙa'idar mayar da kuɗi a 2015 ga wanda bai kai awa biyu yana wasa ba, gajerun wasanni irin waɗannan ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Harshe ma shinge ne. Matashi a gidan gem na Kano ko Maraɗi yana buga wasan ƙwallo ba tare da ya ji Turanci ba, amma wasan da jarinsa duka karatu ne da saurare, a rufe yake ga wanda bai ji harshen ba.

Waɗanda suka yi nasara su ne suka ɗaure aikin hannu da ma'anar labari. A What Remains of Edith Finch na 2017, wanda ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a 2018, akwai babin Lewis, ma'aikacin masana'antar kifi. Da hannu ɗaya kana datse kawunan kifi, da ɗayan kana jagorantar sa cikin masarautar da yake ƙagawa a ransa. Sannu a hankali mafarkin ke mamaye allo, hannunka kuma na ci gaba da yanka ba tare da ka kula ba. Littafi zai iya cewa hankalin Lewis ya bar jikinsa; nan kai ne ke aikata hakan. Outer Wilds na 2019 ya bi wata hanyar: rana na fashewa duk bayan minti 22, a koma farko, ba abin da ke biyo ka sai abin da ka sani. Can bincike shi ne wasan kansa.

Saboda haka ma'aunin ba shi ne ko akwai bindiga ko babu ba. Tambaya ɗaya ce za a yi wa kowane irin wannan wasa: in aka cire ɗan wasa, aka mayar da shi fim, me za a rasa? In amsar ita ce babu, wasan ya gaza komai kyan zanensa. In kuwa labarin zai rushe, to ya cancanci kuɗin mai saye da lokacinsa.