Sharhi a Kan Binciken Patel da North Game da Yoga da Hawan Jini

A shekarar 1975 mujallar Lancet ta Ingila ta buga binciken Dokta Chandra Patel da abokin aikinta North, wanda har yau masu yabon yoga suke kafa hujja da shi. An raba masu hawan jini 34 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashin farko aka koya musu sassauta gaɓoɓi da numfashi irin na yoga har mako 6, awon jininsu ya sauko daga 168/100 zuwa 141/84. Kashi na biyu kuwa, waɗanda aka bar su da hutu kurum, nasu ya tsaya a 160/96.

Tsarin ƙuri'ar abin yabo ne. Amma inda gizo ke saƙa shi ne, an gama yogar da wata na'ura mai sanar da majiyyaci halin jikinsa ta hanyar sauti. To, wanne ne ya yi aikin? Binciken bai rarrabe ba. Bugu da ƙari, awon mutumin da ke cikin natsuwa ba ya nuna yadda zuciyarsa za ta yi in fargaba ta taso.

A 2001 Luciano Bernardi na Italiya ya nuna cewa wuridin yoga da addu'ar carbin Katolika duk suna mayar da numfashi wajen sau 6 a minti, su kuma ƙarfafa hanyar da jiki ke daidaita bugun zuciya da matsin jini. A ganina, jinkirta numfashin ya kamata a fara keɓewa a gwada.